Ya Yi Tafiya, Baki Bai Buɗe Ba: Harshe da Bunƙasar Yara Bayan Shaƙewar Haihuwa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi halin da yara 'yan wata 18 zuwa shekara uku ke samun kansu bayan shaƙewar haihuwa, wato yankewar iskar oksijin da jini daga ƙwaƙwalwar jariri a lokacin naƙuda ko jim kaɗan bayan faɗowarsa. Ta bi diddigin binciken da aka yi a Turai da Amurka da Asiya da Afirka, ta kawo hujjar cewa yaro na iya tsira daga nakasar jiki amma rauni ya ɓuya a harshensa da fahimtarsa. Matsayin takardar shi ne, muna sallamar waɗannan yara da wuri, da zarar mun ga sun taka, alhali lokacin da ya fi cancantar a sa musu ido bai ma zo ba. Ta kuma tattauna rashin ma'aunin da ya dace da Hausa, da abin da za a iya yi da kayan da ke hannu.

Gabatarwa



Zan fara da wani yaro ɗan shekara biyu da wata bakwai da aka kawo mini saboda tari. Uwarsa ce ta goyo shi, kakarsa ta wajen uba na biye. Yaro ne mai ƙarfi, yana sauka daga baya ya nufi kwandon shara a guje. Da na gama duba ƙirjinsa na tambayi uwar, “Me da me yake iya faɗa?” Ɗan fari ne, ga kuma surukarta a zaune, don haka sai ta sunkuyar da kai. Kakar ce ta amsa: “Likita, nauyin baki ne, gado ne. Ubansa ma haka ya yi. Mun kai shi wajen wanzami an duba linzami. Amma fa yana jin komai.”

Na ce, “Iya, bari mu gwada.” Na ɗaura hannuwana a baya, na kira sunansa, na ce ya ɗauko mini takalminsa. Ya kalle ni, ya kalli fuskar uwarsa, ya tsaya. Sai da uwar ta yi nuni da haɓa zuwa wajen takalmin sannan ya ruga ya ɗauko. Ashe nuni yake karantawa, kalmar ba ta isa gare shi ba. Da muka koma kan haihuwarsa sai labari ya fito: naƙudar kwana biyu a gida, aka garzaya asibiti da dare, ya faɗo bai yi kuka ba, ya yi taune-taune a rana ta biyu, ya kwana tara a ɗakin jarirai. A katin rigakafinsa babu ko layi ɗaya da ya ambaci wannan. Ranar da ya fara tatata yana da wata 14, gidan duka suka yi hamdala, aka rufe zancen.

Yadda raunin ke aukuwa

Jariri a ciki yana samun oksijin ta mabiyiya da igiyar cibiya. Doguwar naƙuda, ko rabuwar mabiyiya da mahaifa kafin lokaci, ko zubowar cibiya gaban jariri, ko fashewar mahaifa, ko jijjigar masu ciki, duk suna iya datse wannan hanya. Idan abin ya kai ga taɓa aikin ƙwaƙwalwa, jariri ya zama lagwai-lagwai, ya kasa tsotso, numfashinsa ya rikice, ya yi taune-taune, likitoci na kiran ciwon da taƙaitaccen suna HIE. Ma'aunin da Virginia Apgar ta fitar a 1953 yana nuna halin jariri a minti na ɗaya da na biyar, amma ƙarancin makin Apgar shi kaɗai bai isa a ce an samu rauni ba. Rabon da Sarnat da Sarnat suka yi a 1976 ne ya kasa ciwon gida uku: mai sauƙi, matsakaici, da mai tsanani.

Ɓarnar ba a tashi ɗaya take gamawa ba. Bayan bugun farko akwai ɗan tsaiko na kimanin awa shida da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke kamar sun farfaɗo, sannan zagaye na biyu ya biyo baya, wanda a cikinsa ne da yawansu ke mutuwa. Wannan tsaikon ne ya haifar da dabarar sanyaya jiki: a saukar da zafin jikin jariri zuwa digiri 33.5 na tsawon awa 72, a kuma fara kafin ya cika awa shida da haihuwa.

Abin da ya fi shafar batunmu shi ne inda raunin ya sauka. Hoton MRI ya nuna fasali biyu. Idan iska ta yanke gaba ɗaya kuma farat ɗaya, kamar a fashewar mahaifa, ɓarnar takan faɗa wa cibiyoyin da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, masu sarrafa motsi. Irin wannan yaro ba ya ɓuya: wuya ba ya tsayawa, gaɓoɓi na sandarewa ko murɗewa, haɗiya na wahala, yawu na zuba. Shi ne wanda a wasu gidaje ake yi wa laƙabi da ɗan ruwa, a bar asibiti a koma wajen masu magani. Binciken Martinez-Biarge da abokan aikinta a Landan a 2012 ya nuna cewa matsalar ci da ta magana suna tafiya tare a wajen waɗannan yara, domin tsokokin baki da maƙogwaro ɗaya ne ke yin aikin biyu. Da yawansu suna fahimtar abin da ya fi wanda bakinsu ke iya furtawa, kuma zalunci ne a ɗauke su marasa hankali.

Idan kuwa iskar raguwa ta yi, ta daɗe tana raguwa, kamar a doguwar naƙuda, jiki yakan karkatar da jini zuwa tsakiyar ƙwaƙwalwa don ceton rai. Wuraren da ke shan wahala su ne na kan iyaka, inda rassan manyan jijiyoyin jini ke ƙarewa, kamar gonar da ke ƙarshen magudanar ruwa a fadama. Wannan yaro yakan zauna, ya yi rarrafe, ya taka a kan kari. A 2009 Steinman da abokan aikinsa a San Faransisko suka auna yara 'yan shekara huɗu waɗanda ba su da nakasar motsi, suka tarar gwargwadon faɗin raunin kan iyaka, gwargwadon faɗuwar makinsu a ɓangaren harshe. Yaron da na fara da labarinsa, a ganina, daga wannan rukuni yake. Kuma doguwar naƙuda ita ce abincinmu na kullum a ɗakunan haihuwa na Arewa.

Abin da bincike ya nuna

A ƙasashe masu wadata ciwon na samun kimanin jariri 1.5 cikin kowane 1,000. Ƙiyasin da Lee da abokan aikinta suka wallafa a 2013 ya ce a shekarar 2010 jarirai miliyan 1.15 ne suka kamu a duniya, kashi 96 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Daga cikinsu 287,000 suka rasu, 233,000 suka rayu da matsakaiciya ko babbar nakasa, wasu 181,000 da ƙaramar nakasa. Wannan adadi na ƙarshe shi na fi yi wa kallon shakka, domin ƙaramar nakasa sai an neme ta ake ganinta.

Gwaje-gwajen sanyaya jiki sun kawo sauyi na gaske. A gwajin da Shankaran ta jagoranta a Amurka, wanda aka wallafa a 2005, mutuwa ko nakasa ta sauka daga kashi 62 zuwa 44 cikin ɗari. A gwajin TOBY na Ingila, da aka sake duba yaran suna shekara shida zuwa bakwai, kashi 52 na waɗanda aka sanyaya sun rayu da makin basira 85 ko sama, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 39. Nasara ce, amma a juya lissafin a gani: ko a inda aka yi duk abin da ilimi ya sani, kusan rabi ba su kai ga wannan matsayi ba.

Sai kuma gwajin HELIX na 2021, wanda Thayyil ya jagoranta a Indiya da Siri Lanka da Bangaladash a kan jarirai 408. A can sanyayawar ba ta rage mutuwa ko nakasa ba, mace-mace ma ƙaruwa suka yi, kashi 42 a kan 31. Har yanzu ana muhawara kan dalili, amma ɗaya daga cikin bayanan da masu binciken suka kawo shi ne, raunin yawancin jariran ya fara tun kafin haihuwa da daɗewa, don haka tsaikon awa shida ya riga ya wuce. Wanda ya san yadda mata ke isowa asibitocinmu bayan an gama da ungozoma da rubutu ba zai yi mamaki ba. Darasin da na ɗauka shi ne, mu a nan ba za mu jingina da na'urar sanyaya ba, ƙarfinmu yana wajen hana aukuwar abin da kuma bibiyar wanda ya tsira.

An daɗe ana gaya wa iyayen jariran da ciwonsu mai sauƙi ne cewa su kwantar da hankalinsu. Wannan magana ta fara rushewa. Murray da abokan aikinta a birnin Kok na Ayalan sun ba da rahoto a 2016 cewa a shekara biyar makin basirar irin waɗannan yara ya gaza na takwarorinsu. Binciken PRIME na 2018 ya samu nakasa a kashi 16 cikin ɗari na masu ciwo mai sauƙi tun suna wata 18 zuwa 22. A Yuganda kuma, Tann da abokan aikinta sun bibiyi jariran asibitin Mulago na Kampala har suka haura shekara biyu, kuma daga wannan aiki ne shirin Baby Ubuntu ya fito, inda iyaye ke haɗuwa rukuni-rukuni suna koyon ciyarwa da wasa da sadarwa da 'ya'yansu.

Me ya sa harshe ne ke tona asiri? Saboda magana aiki ce da ke buƙatar sassa da yawa su haɗa kai: kunne ya ji, hankali ya tsaya, ƙwaƙwalwa ta riƙe sauti ta ɗaura shi da ma'ana, sannan baki ya tsara motsi. Jariri ɗan wata shida ba a neman wannan duka daga gare shi, don haka gibin ba ya bayyana. Sai an zo shekara biyu, lokacin da ake sa ran kalmomi 50 da haɗa kalma biyu irin “ba ni” da “Baba zo”, kamar yadda ma'aunin Rescorla na 1989 ya tanada, sannan bambanci ke fitowa fili. Rauni tsoho ne, tambayar ce sabuwa.

Kunne tukuna

Kafin a ce ƙwaƙwalwa ce, a duba kunne. Shaƙewar kanta tana lalata ji, ga shawara mai tsanani, ga allurar jentamaisin da kusan kowane jariri a ɗakin jinya ke sha. Olusanya ta nuna a Legas cewa ana iya gwada jin jarirai a wuraren rigakafi, ranar allurar BCG, kuma ma'aikatan lafiya na unguwa ne suka yi gwajin. Tafa hannu a bayan yaro ba gwaji ba ne. Yaron da ke jin faɗuwar kwano yana iya kasa rarrabe “kafa” da “ƙafa”.

Ma'auni da harshen da ake aunawa

Wasu daga cikin alƙaluman da na kawo daga ma'aunin Bayley suka fito. Nancy Bayley ta fitar da shi a 1969. A bugu na biyu an cakuɗa harshe da tunani a maki ɗaya, sai a bugu na uku na 2006 aka ware harshe, aka raba shi gida biyu, fahimta da furuci. Wannan na nufin manyan gwaje-gwajen farko ba za su iya gaya mana kai tsaye yadda harshe shi kaɗai ya kasance ba. An kuma lura cewa bugu na uku yana da sassaucin maki, yakan nuna yaro lafiya lau alhali yana baya.

Wannan matsalar ta kowa ce. Tamu ta fi haka. An gina ma'aunin a kan yaran Amurka masu Ingilishi, kayansa da tsada, kuma yana ɗaukar sama da awa guda. A ce an fassara shi ma, me aka fassara? Yaron Ingilishi yakan koyi ɗafa harafi ɗaya a ƙarshen suna ya samu jam'i, ana kuma ba shi maki a kan haka. Yaron Hausa yana fuskantar gida da gidaje, yaro da yara, akuya da awaki, kowanne da hanyarsa. Dole ya san tun da wuri cewa rana “ta” faɗi, wata kuwa “ya” fito. Dole kunnensa ya kama karin sauti da tsawon wasali, ya bambanta fari na launi da fari na rashin ruwa da farin da ake yi da ido. Ga ɓ da ɗ da ƙ da ts, ga ra iri biyu. Wanda ya auna ɗan Bahaushe da jadawalin Ingilishi, zai iya kiran lafiyayye mara lafiya, ya kuma sallami wanda ke buƙatar taimako.

Akwai kuma zaman gwajin kansa. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya zuba wa babba ido, wanda bai taɓa zama a tebur da baƙo yana nuna masa hoto yana tambayarsa sunan abin da shi baƙon ya riga ya sani ba, shirunsa ba hujja ba ce. Na sha ganin yaro ya ƙi ce mini uffan, da an fita baranda sai ka ji shi yana zuba da yayarsa.

Wasu sun riga mu warware irin wannan. A Kilifi ta Kenya, Abubakar da abokan aikinta sun gina ma'aunin bunƙasa na yankinsu a 2008, kuma Alcock da tawagarta sun sake gina jerin kalmomin MacArthur-Bates da Kiswahili da Kigiryama, ta hanyar hira da iyaye mata maimakon ba su takarda su cike. Gladstone ta fitar da ma'aunin Malawi a 2010 da kayan da ake samu a ƙauye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da ma'aunin GSED a 2023 don yara daga haihuwa zuwa shekara uku. Aikin da ke gabanmu na haɗin gwiwa ne tsakanin likitocin yara da masana harshe, kuma ga sassan nazarin Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai. A tattara kalmomin farko daga bakin yaran kansu, har da irin su “mamma” da “oyoyo”, a kula da bambancin karin Kano da na Sakkwato da na Damagaram. Yaron da ke tashi da Hausa da Fulatanci ko Barbarci kuwa, a ƙirga kalmominsa na harsunan biyu a haɗe. Tashi da harshe biyu ba ya jawo nauyin baki, kuma bai kamata a ce wa uwa ta daina yi wa ɗanta harshenta ba.

Gidan da yaro ke komawa

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 20 ba. A yankin nan kashi 57 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci. Ke nan ƙwaƙwalwar da ta sha bugu ranar haihuwa tana komawa inda tamowa da ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau ke jiranta. Wannan yana wahalar da mai bincike, domin ba kowane nauyin baki ne za a ɗora wa naƙuda ba. Ga likita kuwa albishir ne ta wata fuska, tunda yawancin waɗannan ana iya kare su.

Ba na cikin masu cewa iyayenmu mata ba sa yi wa 'ya'yansu magana don haka su ne sila. Casillas da abokan aikinta sun nuna a 2020 cewa yaran Tseltal na Meziko ba a cika fuskantar su da magana kai tsaye ba, amma suna kai matakan harshe a kan lokaci. Ɗan Bahaushe yana goye a baya yana jin hirar tsakar gida tun daga asuba, ga yayye, ga kaka da wasanninta. Lafiyayyen yaro yana tsintar harshe daga wannan yalwa. Shakkata ita ce ko yaron da hankalinsa ba ya tsayawa, ko kunnensa ya yi rauni, zai iya tsinta daga hayaniya. Shi yana buƙatar a juyo da shi gaba, fuska da fuska, a ambaci abin da yake kallo, a dakata a ba shi damar amsawa. Inda kunyar ɗan fari ta hana uwa, kaka da goggo da yayye sun isa, kuma su ya kamata mu koya wa. Binciken Jamaika da Grantham-McGregor ta wallafa a 1991 ya nuna abin da ziyarar gida ta mako-mako da wasa ke yi wa tsumburarrun yara, kuma bayan shekara ashirin an tarar abin da suke samu ya ɗara na takwarorinsu da kimanin kashi 25.

Abin da ke hannu

Rigakafi na gaba da komai. Shirin Helping Babies Breathe, mai koyar da taimaka wa jariri numfashi a minti na farko da 'yar jakar hura iska, ya rage mutuwar jarirai a ranar farko da kashi 47 cikin ɗari a asibitocin Tanzaniya da aka gwada shi. Sai dai duk jaririn da aka ceto ya zama amana, kuma yawan masu tsira na nufin yawan masu buƙatar bibiya.

Shawarata ba ta buƙatar sabon gini. A rubuta a katin rigakafi, da jan biro, cewa jariri bai yi kuka ba, ko an hura masa iska, ko ya yi taune-taune. Katin nan shi ne takarda ɗaya da uwa ke adanawa. Tana dawowa da shi a wata 9 don allurar ƙyanda, ta sake dawowa a wata 15 don ta biyu. A wata 9 ma'aikaciya ta tambaya ko yana gwaranci, ko yana juyowa in an kira sunansa. A wata 15 ta tambaya ko yana nuna abu da yatsa don a gani tare da shi, ko yana da kalma ko da ɗaya ce. Mai jan rubutu a kati a ba shi ranar dawowa a wata 24, wadda ta zo daidai da lokacin yaye, sa'ad da ake yawan kai yaro wajen kaka, don haka a nemi wadda yake hannunta ta zo da shi. A ranar, kada a tsaya ga tambayar ko yana ji. Ma'aikaciya ta sa uwa ta ɗaura hannu a baya, ta kawar da ido daga abin, ta aike shi da baki kawai ya ɗauko kofi ko takalmi.

Yaron da na ba da labarinsa mun tura shi gwajin kunne, aka samu raunin ji a kunnuwa biyu, ba mai tsanani ba. Kakar ce ta karɓi aikin zama da shi kullum bayan la'asar, tana ambata masa sunan duk abin da ya taɓa. Da suka dawo bayan wata huɗu ta ƙirga mini kalmominsa da yatsu, goma sha ɗaya, ta ce ta goma sha biyun zagi ce da ya koya a wajen yayyensa, ba za ta maimaita a gabana ba. Na rubuta goma sha biyu.